Ɗan Balaraba Mai Sharar Harami

Ranar da Namadi ya bar Sakajiki neman sabis, kwana aka yi ana ruwa, irin na ƙarshen damina, ba iska ba tsawa, sai zuba kawai. Gari ya waye da yayyafi, gero ya sunkuyar da kai a gonaki, hanya duk ta zama taɓo. Ya naɗe wayarsa cikin leda, ya cusa a aljihun 'yar ciki, ya tsaya a bakin ɗakin matarsa Balaraba. Tana kwance, ƙafafunta da suka kumbura an ɗora su kan filo, idonta na kan talabijin. Hoton sai ɗaukewa yake yi, don batirin sola bai sha rana ba.

"Ka hwaɗa mai ina ganinai kullum," in ji ta. "Kak ka tada mai hankali, shina bakin aikin Allah."

"To."

"Amma shi yi magana da babbansu, ko sati guda su ba shi. In gan shi da idona, ba ta cikin gilashi ba."

Namadi ya ce to, ya ja ƙyaure ya fita.

Wanda suke magana a kai ɗansu ne, Imrana. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a cikin 'ya'yansu. Matan an aurar da su, ɗaya a Banga, ɗaya a Katuru can wajen Shinkafi. Namadi kuwa manomi ne tun tasowarsa, kuma an fi saninsa da shanun huɗa. Da ruwan farko ya sauka za ka gan shi bayan garma, yau gonarsa, gobe ta wani. Mutum ne mara yawan magana. In ana gardama a majalisa yakan bari kowa ya gama, sannan ya ce "Allah shi kyauta," ya miƙe. Bai taɓa tafiyar da ta wuce Gusau ba.

Da Imrana ya matsa sai ya tafi Makka neman arziki, Namadi bai hana shi ba. Ya sayar da 'yar fadamarsa da sa guda, ya damƙa wa amininsa Wakili, direban da ke jigila tsakanin Ƙaura da Maraɗi. Shi Wakili ya san mai yin hanya a can Nijar, kuma da takardun Nijar ɗin aka fitar da yaron.

Bayan 'yan watanni Wakili ya kawo waya mai shafawa, ya ce Imrana ne ya aiko. Ya koya wa Namadi yadda ake danne wurin magana a watsaf, a yi magana, a saki. Saƙon farko da suka ji, Balaraba sai da ta yi guɗa. Imrana ya ce ya sami aikin shara a cikin Harami, gab da Ka'aba. Sai kuma ya kafa musu doka.

"Baba, ƙasar nan ba kamar gida ba ce. Hukuma ta toshe kiran waya. Kada ku kuskura ku danna kira, in aka ga kira ya shigo mini daga waje, bakin aikina ke nan. Saƙon murya kawai, shi ma sai Juma'a ake buɗe muna sabis a masauki. Hoto kuma an hana mu ɗauka cikin kakin aiki."

Namadi ya riƙe dokar nan kamar ta likita. Ko hannunsa bai yarda ya gifta kusa da alamar kira ba.

Balaraba ce ta gano tashar. Ta je suna a Ƙaura, ta tarar da talabijin a gidan yana nuna Ka'aba, mutane na ta zagayawa ba dare ba rana. Can sai ga masu shara sun fito cikin kaki iri ɗaya, wasu riƙe da igiya suna tare jama'a, wasu na bi da sandunan goge ƙasa, a guje, a jere kamar 'yan gayya. Ta dawo gida ba ta da zance sai wannan. Kaka na yi, Namadi ya sayar da ɗaya san, ya sayo talabijin da farantin dish da sola. Tun daga shekarar ya koma noman fartanya.

Daga sama ake ɗaukar hoton, fuskoki ba su fita. Amma uwa ba ta buƙatar fuska. Imrana tun yana yaro jaki ya kayar da shi, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, haka yake tafiya a karkace. Cikin masu sharar nan akwai wani mai tafiya haka, yawanci a ƙarshen layi. Ranar da Balaraba ta gan shi ta dafe ƙirji ta ce, "Ga shi! Wallahi ga Imrana!" Da aka tambaye shi a saƙon Juma'a, ya ce shi ne mana, wa zai zama in ba shi ba.

Shi ke nan gidan Namadi ya zama wurin zuwa. Bayan la'asar mata kan cika ɗakin, su zauna jiran fitowar masu shara. Mai ciki ta ce a gaya wa Imrana ya roƙa mata sauka lafiya, mai ɗa a daji ta ce a roƙa mata a sako shi. Duk zuwan da Wakili zai yi kuma da tsaraba: dabino a leda, da 'yar jarka ta zamzam. Balaraba kan raba dabinon gida-gida, ruwan kuma ta ɓoye ƙarƙashin gado.

Ba a rasa masu tsokaci ba. Alhazan gari da suka sauke farali suka ce su kullum suna kiran gida daga Makka, har su ga iyalinsu a waya. Namadi ya ce, "Ku baƙi ne, shi ma'aikaci. Dokar baƙo daban." Wani ya ce ya yi ta dubawa cikin masu sharar bai ga baƙar fata irin tamu sosai ba. Namadi ya ce, "Harami ba kasuwar Ƙaura ba ta, da za ka ga kowa." Shi da ba ya gardama, a kan Imrana kaɗai aka taɓa jin ya mayar da magana.

Ana nan har daminar da gwamnati ta yanke sabis a jihar baki ɗaya saboda mutanen daji, wato 'yan bindiga. Aka rufe kasuwanni, mai ya yi wuya, waya ta zama fitila kawai. Talabijin bai tsaya ba, tunda shi daga sama yake zuwa. Sai ya zama Balaraba na ganin ɗanta amma ba ta jin muryarsa. A daidai lokacin ne ciwon kumburi ya kwantar da ita. An kai ta asibiti a Ƙaura, aka ba da magani, aka ce a koma gida a yi ta kula da ita. Namadi ya fahimci abin da ba a faɗa ba. Ita kuma kullum sai ta tsiyayi ruwan jarkar nan a tafin hannu ta shafa a ƙafafun, ta ce da ta shafa take jin sanyi.

Da ya ji ana cewa in mutum ya wuce Zurmi ya tsallaka iyaka akwai sabis ɗin Nijar, sai ya ɗaura niyya. Ya biya ta Ƙaura don ya ba Wakili wayar ya tura masa saƙon, aka ce Wakili ya maƙale a Shinkafi ba mai. Ya ce to, ƙafa ai ba ta shan mai.

Mota ta kai shi Zurmi, wata ta kai shi Gurbin Ɓore, daga nan kuma sai amalanken shanu da tafiyar ƙasa. Ya kwana a hanya. Da hantsi ya shiga wani ƙauye, aka ce masa nan Nijar ce. Ya duba, geron iri ɗaya, rumbunan iri ɗaya, hatta kukan zakaru. Abin da ya bambanta shi ne wata rumfa a gindin gawo, mutane sun yi mata cincirindo, kusan duk Zamfarawa. Wani ya zo da wayoyin unguwarsu duka a cikin buhu, yana kunna su ɗaya bayan ɗaya, saƙonni na ta shigowa kamar kukan tsaki.

Mai rumfar wani dogo ne mai barkwanci, ana kiransa Tambari. Yana caji, yana kuma haɗa wa mutane waya da sabis ɗin tasa, wanda su can suke kira rezo.

"Manyan ƙasa!" yake ce musu. "Ku da kuke muna gorin lantarki, yau ga ku kuna roƙon rezo wurin talakawa. Baba, matso. Ka shigo ƙasar waje ke nan, ina fasfo?"

"Ga shi nan a ƙahwata," in ji Namadi, ya nuna taɓon da ya kai masa gwiwa.

Aka yi dariya. Tambari ya karɓi wayar ya haɗa, ya ce wa za a kira. Namadi ya ce ba kira ba, saƙo zai aje wa ɗansa a Makka, sai Juma'a zai ji. Ya yi masa bayanin dokar can tiryan-tiryan, yadda ya saba yi wa mutanen garinsu.

Tambari ya karkata kai. "Baba, ni fa na zauna Jidda shekaru, wankin mota na yi. Gaskiya sukan toshe kira ta wagga hanya, amma akwai wasu hanyoyin, kowa da su yake kiran gida, har ka ga mutum ya ga ka. Kuma ban taɓa jin an kori wani don ubanai ya kira shi ba." Ya duba fuskar wayar. "Yau wace rana?"

"Talata."

"To ga lambar ɗanka nan kan layi yanzu haka. Bari mu gwada."

"Kada!" Namadi ya kai hannu, amma yatsan Tambari ya riga shi. Wayar ta fara ƙara. Namadi ya ga ya kashe wa yaron aiki da hannunsa. Ta yi ƙara, ta sake yi, sai fuskar wata mace ta cika gilashin, da jaririya a kafaɗarta. Bayanta katangar ƙasa ce da igiyar shanya, akuya na kuka.

"Salamu alaikum. Mai wayar ya bar ta caji, yana rumfa."

Tambari ya dubi Namadi, ya dubi wayar. "Wace rumfa, baiwar Allah?"

"Ta kallon balo mana, bayan tasha."

"Wane gari ke nan?"

Ta yi 'yar dariya. "Kai kuwa. Maraɗi mana."

"Ke wace ce tasa?"

"Matarsa ce, Asiya." Sai ta matso da fuskarta, ta ƙura wa tsohon ido. Dariyar ta ɗauke. Ta jawo mayafi ta rufe kai. "Baba? Kai ne Baban Imrana? Ina wuni, Baba. Ai ya ce garinku ba hanya ba waya, shekara da shekaru, shi ya sa..."

Ba ta ƙarasa ba. Namadi ya amsa gaisuwarta, ya tambaye ta mai jego da yarinya, kamar yadda ake yi. Sannan ya miƙa wa Tambari wayar ya ce ya kashe, shi bai san wurin kashewa ba.

Tambari bai sake yin barkwanci ba. Ya ƙi karɓar kuɗin rezo, ya raka shi bakin hanya da kansa ya sa shi a motar Maraɗi.

Tafiyar ba ta kai daga Sakajiki zuwa Gusau wahala ba. Wannan ne ya fi tsaya masa a rai a cikin motar. Da azahar ya bar ƙauyen, la'asar a Maraɗi ya yi ta.

Rumfar ba ta yi wuyar samu ba, ihu ne ya kai shi. Zana ce da kwano, ciki talabijin biyu manya ana nuna ƙwallo, mai sharhi na ta zuba Faransanci, samari cike kan benci. A bakin ƙofa wani mutum na tsaye yana karɓar kuɗin shiga, ya ba da baya. Ya yi jiki, wuyansa ya cika. Kafaɗarsa ta hagu a sauke.

Namadi ya tsaya bayansa ya yi sallama.

Imrana ya juyo. Kuɗin hannunsa suka zube. Ya durƙusa a wurin, cikin ɓawon gyaɗa da ledar ruwa. "Baba."

"Tashi, mutane na kallo."

Imrana ya ja shi bayan rumfa, inda janareta ke ruri, ya kawo masa benci. Namadi bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

"Wannan ce damina ta huɗu." Imrana yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce bai taɓa yin shara a Harami ba. A Jidda ya zauna yana ɗan dako, bizarsa ta ƙare, shekara ba ta cika ba aka kama shi. Da yake da takardun Nijar ya fita, jirgi a Yamai ya sauke shi, daga shi sai rigar wuyansa. Lambar watsaf ɗin ce kawai ta biyo shi, ita ba ta canzawa ko mutum ya canza ƙasa. "Na ce bari in ɗan tara in koma, kafin ku ji. Sai abu ya yi ta ja."

"Wakili ya sani?"

"Shi ke ɗaukar dabinon. Nan kasuwa nike saye."

"Ruwan fa?"

A cikin rumfa aka ci ƙwallo, wurin ya ɗauki ihu har kwanon na rawa.

"Ruwan da uwarka ka shafawa a ƙahwa nike tambaya."

"Wani lokaci wurin alhazai nike samu," in ji Imrana a hankali. "Wani lokaci."

Asiya ta iso da kwanon ruwa, ta durƙusa har ƙasa ta miƙa. Namadi ya karɓa ya sha, don ita ba ta yi masa komai ba. Ta miƙo masa jaririyar. Ya tambayi sunanta, ta ce Balaraba, amma Inna suke kiranta. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya mayar wa uwarta.

"Ka sa mata sunan, mai sunan ba ta sani ba," ya ce. "To ji abin da ya kawo ni. Uwarka na kwance, kuma kwanciyar ba ta tashi ba ce. Ta ce ka roƙi babbanku shi ba ka sati guda. Ga shi na iske kai ne babban. Ɗauko takalminka mu tahi."

"Baba, da wane ido? Ka sai da fadama, ka sai da shanu. In shiga Sakajiki haka, hannu na dukan cinya? Mi mutane za su ce?"

"Ba mutane suka aiko ni ba."

"Ka ba ni zuwa Juma'a. In ɗan shirya, in sami jallabiya da 'yar tsaraba. Sai ka ce mata jirgi zai sauke ni Yamai, in biyo ta nan."

Namadi ya dube shi sosai. Yaron da ya goya a wuya zuwa gona, yau yana koya masa yadda zai yi wa matarsa ƙarya.

"Ni ba ni ce mata komi. Ka zo da bakinka, ka hwaɗi wanda ka ga dama. Amma ka zo."

"Wallahi Baba, Juma'a in sha Allahu."

Ya ruga ya kawo ledar dabino ya ce a kai wa Inna. Namadi ya bar shi da ita a hannu. Ya ƙi kwana a gidan, a masallacin tasha ya kwanta, da safe ya kama hanya.

Ya iske Balaraba yadda ya bar ta, sai dai numfashin ya ƙara nauyi.

"Ka same shi?"

"Na same shi. Na ji muryarshi. Lahiya lau yake, har ya yi ƙiba. Ya ce Juma'a."

"Ƙiba ko?" Ta yi murmushi, ta nuna talabijin da haɓa. "Ni ma na lura. Kakin har ya matse shi."

Namadi ya matso. Ya zauna a bakin gadon suka kalli masu shara tare.

Ran Alhamis ta sa aka share ɗakin Imrana, aka jiƙa gero don fura. Ran Juma'a ta sa aka ɗaga ta aka jingina ta yadda za ta ga ƙofar gida. Namadi ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure har rana ta faɗi, duk ƙarar da ya ji sai ya leƙa. Furar a gidan maƙwabta ta ƙare. Da la'asar ta Asabar mai kafaɗa ya fito a ƙarshen layi, Balaraba ta ce, "Ka gani, ba su sake shi ba. Aikin Allah ya fi nawa." Wata Juma'ar ta zo ta wuce, wata ma haka.

Wakili ya zo duba mara lafiya da mai ya samu. Namadi ya raka shi har bakin mota.

"Na je Maraɗi," ya ce.

Wakili ya tsaya da makulli a hannu. "Namadi, rufin asiri na yi maku."

"Asirin wa? Tare muka yi kiwo ni da kai. Kana zaune a zaurena alhazai na yi mini dariya, kana gyaɗa kai."

"Da na hwaɗa, da ciwon Balaraba ya daɗe da tashi."

"Da ka hwaɗa, da ta ga ɗanta tana da ƙahwar zuwa. Allah shi kiyaye hanya."

Tun ranar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba.

Sau da yawa Namadi yakan shiga ɗakin da niyyar gaya mata. Sai ya tarar ta ɗaga hannu tana yi wa gilashin addu'a, Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka. Sai ya gyara mata filo ya fito. Ya ce a ransa, yaron na iya zuwa gobe.

Bayan an gama girbi aka maido da sabis. Rana tsaka wayar ta yi ƙara a aljihunsa, Balaraba ta ji, ta ce a kawo. Saƙo ɗaya ne daga Imrana, sabo, na satin nan. Namadi ya danna, yana zaton ko ban haƙuri ne, ko ranar zuwa.

"Inna, ina wuni, ya jiki? Yanzun nan na fito ɗawafi, na yi miki addu'a a gaban Ka'aba. Babbanmu ya hana hutu sai bayan azumi. Ki yi ta shafa ruwan nan, zan aiko da wani."

Can ƙasa-ƙasa bayan muryar, Namadi na jin rurin janareta.

"Sake sa mini," in ji Balaraba.

Ya sake sa mata. Ta ce a sake. Ya bar mata wayar a kan ƙirji, ya fita bayan rumbu ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba.

Cikin sanyin shekarar Balaraba ta cika, da rana, 'ya'yanta mata na gefenta, talabijin na kunne. Namadi da kansa ya danna alamar kira, karo na farko a rayuwarsa. Ana ɗauka ya ce, "Uwarka ta rasu," ya miƙa wa wani ya kashe.

Ranar sadakar uku ana zaune a ƙofar gida, sai ga motar Wakili. Imrana ya fito cikin farar jallabiya, da jan ƙyalle irin na Larabawa a kafaɗa, da kwalin dabino. Wuri ya ɗauka: Alhaji Imrana ya iso, daga Makka ya taso saboda uwarsa. Liman ya ce irin wannan ɗa ake roƙo, wanda ya share ɗakin Allah da hannunsa, ladan kuma na isa ga mahaifiya har cikin kabari. Imrana ya faɗi gaban ubansa yana kuka, kuma kukan gaske ne, kowa ya gani.

Da aka zuba dabinon a faranti za a raba, Namadi ya miƙe ya karɓe farantin.

"A mayar da wannan mota. Gumba aka daka, da geron gonarta. Ita za a raba."

Mutane suka dubi juna, suka ce zafin rashi ne.

Bayan la'asar, da jama'a suka ragu, ya kira Imrana cikin ɗakin. Gadon na nan, jarkar na ƙarƙashi da sauran ruwa a ciki. Ya kunna talabijin, ya ce ya zauna. Suka zauna. Can masu igiya suka fito, masu goge ƙasa suka biyo a guje. Namadi ya sa yatsa a kan gilashin, a ƙarshen layi.

"Ka gan shi? Wannan shi ne ɗan Balaraba. Kullum sai ya zo mata, bai taɓa saɓawa ba. Shi ta yi wa addu'a, shi take kallo har ta cika. Ban san sunanai ba, ban san ƙasarsu ba, amma albarkar da ta sa, shi ta sa ma."

"Baba, ka yafe mini."

"Wadda za ta yafe ba ta san an yi mata laihi ba. Ni kuma ban tona ka ba, ba kuwa zan tona ka ba. Ka kwana, da sahe ka koma wurin iyalinka. Mun gode da ta'aziyya."

Imrana ya tafi da safe a motar Wakili, jama'a na ɗaga masa hannu suna cewa ya gai da Makka.

Namadi na nan Sakajiki, yana noma gonar bayan gida da fartanya. Wayar ya ba 'yarsa ta Banga. Imrana na Maraɗi da rumfarsa, a garinsu kuma har yau Alhaji ake ce masa. Talabijin ɗin na ɗakin Balaraba, Namadi kan kunna shi bayan la'asar in batir ya sha rana. Mai kafaɗar ya daina fitowa tun bara.